Kunun Ƙonannen Gero

Ƙwas, ƙwas, sai a yi shiru. Ƙwas, ƙwas, a sake yin shiru.

Tasallah tana tsaye a ɗakin girkin mutane da ludayi a hannu sa'ad da sautin ya ratso bango ya same ta. Ba ta san lokacin da ta bar damun kunu ba. A Madina tsofaffi masu sanda sun fi a ƙirga, kowa yana dogara tasa yadda ya ga dama, amma wannan ba dogarawa ba ce. Mai wannan sandar bugu yake yi, ya dakata ya saurara, kamar mai jiran ƙasa ta ba shi amsa. Ta rage wuta, ta goge hannu da gefen mayafi, ta leƙa falo.

Tsohon yana tafe a hankali daga ɗakinsa zuwa kujera, 'yarsa Innayatu tana tallafe da shi. Ciwo ya cinye shi, farar jallabiya sai lilo take yi a jikinsa, gemun nan fari tas. Ya buga sandar a kan tayil, ya karkata kai hagu, ya lumshe ido, sannan ya ɗaga ƙafa. Innayatu ta hangi Tasallah ta yi murmushi, ta ce kada ta damu, haka Baba yake tun suna yara, ko a Harami ba ya taka wuri sai ya ƙwanƙwasa shi. Likitoci sun ce waswasi ne.

Tasallah ta ce Allah ya ba da lafiya, ta koma kan tukunyarta. Ta gama kunun tsaf, tsamiya daidai, don ita ba ta ɓata aiki saboda ɓacin rai. Amma ta gane shi. Mutumin da unguwar Bani Harisa ke kira Alhaji Muhyiddeen, mai shimfiɗar buɗa-baki a Harami duk azumi, mai ɗaukar nauyin ɗalibai, ba wani ba ne, Zakiru ne, ɗan mai haƙar rumbu na ƙauyensu, Fakon Aduwa. Suna ana sauyawa, gemu yana fitowa, hali kuwa zanen dutse ne.

*

Duk Bahaushen da ke unguwar Harra ta Yamma ya san Inna Tasallah, in bai san ta da kunu ba ya san ta da baki. Ɗaliban jami'a da kewar gida ta kama kan yi layi a ƙofarta da kofuna, ita kuwa ba ta zuba wa kowa sai ta tsokane shi: wannan ta ce Larabcinsa ya fi aljihunsa nauyi, wancan ta ce ya je ya yi aure kafin littattafai su ƙarasa cinye masa gashi. Cikinsu akwai Malam Shittu, magidanci mai shirin gama digiri na uku, wanda ya daɗe yana shan kununta har ya zama ɗan gida. Shi ya kawo mata labarin wani dattijo mai alheri da aka sallamo daga asibiti, ba ya iya haɗiyar komai, kunun gida kaɗai yake nema.

Abu ɗaya ne ba a yi wa Tasallah wasa da shi. Fiye da shekara arba'in ke nan ita ba matar aure ba, ba bazawara ba. Manema sun zo tun tana da sauran ƙuruciya, ta sallame su da fara'a. Malamai sun gaya mata cewa shari'a ta daɗe da warware ta, matar wanda ya ɓace tana jira ne na wasu shekaru, sannan ta yi takaba ta kama gabanta. Ta ce ta ji, ta gode, amma ita ba za ta kashe mijinta Jumare da bakinta ba. Ranar da wanda ya gani da ido ya ce ya mutu, ranar za ta zauna masa.

Asalin abin can ne a ƙasarsu, gabas da Tafkin Chadi, zamanin yaƙin juyin juya hali. 'Yan juyin sun shigo ƙauyuka da daɗin baki, suna cewa ƙasa ta mai nomanta ce, zamanin haraji ya wuce. Manoma suka yi musu guɗa, suka ciyar da su. Da suka kama babban birni suka zama gwamnati, yaƙin bai ƙare ba, don sun dare gida biyu suna ta kashe juna, cikin soja kuwa ba ya ƙoshi da taken juyi. Aka ce kowane ƙauye ya kawo hatsi. Da fari aka ɗauki rabi, daga baya aka share rumbuna, har wata kaka suka sa hannu a damin iri, wanda ko ɓarawon ƙasar yana jin kunyar taɓawa. Nan tura ta kai bango. Mazan Fakon Aduwa suka fito da gatura da fartanyu da 'yan bindigogin toka suka fatattaki masu karɓar hatsi, ƙauyukan kewaye suka bi sahu. A rediyo aka sa musu suna maƙiyan juyi.

Sun san za a dawo, don haka suka kwashe abin da ya rage suka zuba a rumbun ƙasa, wato rami mai zurfi da ake shimfiɗa wa ƙaiƙayi, a cika da gero, a rufe da itace da ƙasa, a ɗaure awaki a kai har wurin ya saje. Shekarar aka kai Tasallah ɗakin Jumare, kuma tana da ƙaramin ciki.

Sojoji suka zo da manyan motoci. Suka cinna wa rumbunan tsakar gida wuta, suka birkita ɗakuna, ba su sami ko tiya ba. Da haka za su koma, amma da ɗan gari akan ci gari. Daga bayan mota aka sauko da Zakiru cikin kakin da ya yi masa yawa. Ubansa ne ya haƙa yawancin rumbunan yankin, a wurinsa ya koyi jin muryar ƙasa mai rami a ƙarƙashi. Ya karɓi sanda ya shiga gida-gida, ya buga, ya karkata kai, ya lumshe ido. Duk inda ya tsaya, nan ake haƙa. Abin da motoci suka kasa ɗauka aka tara shi a dandali aka zuba fetur. Maza kuwa aka ɗaure su aka jefa a motar ƙarshe, har da Jumare, wanda ya waiwayo ya yi mata alama da kai ta koma ciki.

Daga nan sai jita-jita. Wani ya ce an gan su a kurkukun babban birni, wani ya ce suna fasa dutse a arewa, wata ta rantse ɗan'uwanta ya ga Jumare a wata kasuwa ta kan iyaka. Mata suka duƙa a dandali suna tankaɗe toka suna tsintar ƙonannen gero. Da shi suka riƙa dama kunu, baƙi, mai ɗaci, mai warin hayaƙi, shi ya riƙe su har suka ɗauki kaya a ka suka bi hanyar fadama suka bar ƙasar. A Sudan ta haifi Ikilima. Bayan shekaru suka tsallako teku, Ikilima ta girma a Madina, ta yi aure, ta haifi Sumaya, ta rasu ba ta san ko ita marainiya ce ba. Wannan ya fi komai ci wa Tasallah rai.

*

Da la'asar Malam Shittu ya zo da kofinsa yana tambayar yadda aka yi da mara lafiya. Ta zaunar da shi a dakalin ƙofa ta zayyana masa komai, ba kuka, ba ɗaga murya. Ya juya yana kallon baƙaƙen duwatsun da ke bayan layin.

Da ya buɗe baki, abin da ta zata shi ya faɗa. Ya ce fitina barci take yi, ba a son mai tashinta. Ya ce mutumin nan alamun tuba sun bayyana a kansa, a dubi marayun da yake ciyarwa, a dubi 'ya'yansa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ya ce nan Madina ce, mutane da yawa sun zo da kayansu sun ajiye a bakin ƙofa, ba a tone-tone. Ba da mugunta ya faɗa ba, Malam Shittu mutumin kirki ne, irin masu kirkin da suka fi son a zauna lafiya ko da a kan wani aka zauna.

Ta ce, “Malam, ni ba kotu zan kai shi ba, kotun da za ta kama shi ma tana gab da zama. Tambaya ɗaya gare ni, kuma duk duniya shi kaɗai ya rage mai amsarta. In ya tafi da ita, ni da wa zan yi?”

Ya ce to idan ya musa fa, ko ya ce bai san ta ba? Ta ce wannan ya bar mata. Abin da take so a wurinsa ya zo ya zauna ya zama shaida, don maganar da aka yi tsakanin tsohuwa da majinyaci gobe sai a ce ruɗin tsufa ne. Ya so ya zame, ya kawo batun darasi da ganin malaminsa. Ta dubi kofin da ke hannunsa ta tuna masa cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce Allah ya kai mu.

Washegari da sassafe ta ɗora kasko ta zuba gero ba ruwa, ta tsaya a kansa tana juyawa har ya wuce ja ya koma baƙi. Hayaƙi ya cika gidan. Sumaya ta fito tana tari tana fifita da littafin makaranta, tana faɗa da Larabci cewa Jadda, wato kakarta, ta ƙona abinci, yau an ga abin da ba a taɓa gani ba. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amsawa ce ba ta yi da ita. Tasallah ta ce ta buɗe taga ta wuce makaranta, wannan ba na masu ƙoshi ba ne. Ta daka, ta tankaɗe, ta dama ba tsamiya ba sukari. Da ta ɗanɗana sai da ta dafa bango, don tun barinta gida ba ta sake kai shi baki ba.

*

Da hantsi suka isa Bani Harisa ita da Malam Shittu. Innayatu ta tare su da cewa jikin ya ƙara tsanani, tun jiya bai yi magana ba, ko tashi ya daina.  Tasallah ta bi ta har gefen gadon ta buɗe fulas.

Warin ya tashi. Innayatu ta yamutsa fuska za ta ce a mayar, sai tsohon ya buɗe ido. Hancinsa ya motsa. Ya juyo da kai a hankali yana neman inda abin yake fitowa, hannunsa yana lalubar sandar da ke jingine da gado. Da wata irin murya da 'yarsa ba ta san shi da ita ba, Hausar can gida tsantsa, ya tambayi wa ya dama wannan.

“Matar Jumare ce, mai gonar bakin fadama,” in ji Tasallah.

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ambaci sunanta. Ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, don ta zo da shirin cewa in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, ashe mayen ma bai manta ba. Ya roƙi Innayatu ta ba su wuri. Tasallah ba ta hana ba, yarinya ba ta haƙa ba, ba ta binne ba.

Ya fara da inda irinsu kan fara. Ya ce lokacin shi yaro ne, an cika masa kai da cewa sojan da ke kare talaka yana mutuwa da yunwa saboda masu ɓoye hatsi. Ya ce da ya ƙi, da shi za a fara. Ya ce ya gudu daga baya, ya bar sunan, ya bar ƙasar, ba abin da bai yi ba na sadaka, ya zo nan ne don ya mutu kusa da Manzo ko Allah ya dube shi. Hawaye suna bin gemunsa. Ya ce ta yafe masa don girman garin da suke ciki.

“Zakiru, ban zo jin wa'azi ba, ga malam nan in ina so. Mijina yana raye ko ya mutu?”

 Malam Shittu ya sunkuyar da kai. Tsohon ya rufe ido, har ta ɗauka ya tafi ya bar ta, sannan ya soma magana a gutsure.

Ba a kai su birni ba, ba a kai su ko'ina ba. Akwai babban rumbun ƙasa na gayya a hanyar fadama, gindin tsohuwar aduwa, wanda duk gari ya haɗu ya haƙa. Shi ya nuna shi a ƙarshe, bayan sun fita daga ƙauyen. Da aka kwashe geron, ramin ya zauna wayam, babban sojan ya dube shi ya dubi motar ƙarshe ya ce ba shi da man da zai kai su birni. Aka sauke su cikin ramin aka buɗe wuta. Ranar ko'ina harbi ake yi, ba wanda ya bambance wannan da saura. Aka mayar da ƙasa, aka bi ta kai da mota har wurin ya daidaita.

“Sai ya miƙo mini sandar,” in ji tsohon, “ya ce in buga in ji ko wani zai iya ganewa. Na buga. Ramin bai amsa ba.”

“Jumare yana ciki?”

“Yana ciki.”

“Da idonka ka gani?”

“Da idona. Shi ne na gefen gabas. Yana salati.”

Ta juya ta tambayi Malam Shittu ko ya ji. Ya ce ya ji. Ita kuwa ba gadon take gani ba, hanyar fadama take gani, da inuwar aduwar nan inda suka sauke kaya suka huta ranar da suka bar gari. Ta tuna ta ce wa wata ƙasar wurin da taushi, ta zauna ta miƙe ƙafafu saboda ciki. Baƙin ciki ya taso mata, amma tare da shi wani nauyi ya sauka, irin na wanda ya daɗe da tulu a ka.

Tsohon ya sake roƙon yafiya, yana miƙo hannu. Malam Shittu ya ɗago ya dube ta da idon roƙo. Ta gyara mayafinta.

“Geron da ka nuna, rabona a ciki na yafe. Yunwa da tafiyar ƙasa, nawa ne, na yafe. Na Jumare kuwa ba a hannuna yake ba. Ka kusa ganinsa, sai ka tambaye shi.”

Ta tsiyaya kunun a kofi, ta tallafo kansa ta ce ya sha kafin ya huce. Ya sha, yana sha yana kuka, bai bar komai ba. Da ta fito ta tarar da Innayatu a jingine da bango bakin ƙofa, fuska sharkaf.  Tasallah ta dafa kafaɗarta ta wuce.

*

Tana isa gida ta cire 'yan kunnenta, ta wanke kwalli, ta tattara kwalaben turare ta ba Sumaya, ta ɗaura wani tsohon zane mara ado. Ta aika wa ɗalibai cewa kunu yana nan, amma mai kunu ba ta fita, ba ta kuma tsokana sai bayan wata huɗu da kwana goma. Malam Shittu ya zo ya tsaya daga bayan labule ya yi mata bayani a hankali cewa takaba daga ranar mutuwa ake lissafa ta, tata ta wuce tun kafin a haife shi. Ta ce ba ta ja da littafi, ta littafi ta wuce, tata yau ta fara. Sai ya yi wa mamacin addu'a, ya kira sunansa, wanda shi ne karo na farko da wani ya yi wa Jumare addu'ar matattu.

Ba a rufa mako ba Alhaji Muhyiddeen ya cika. Aka sallace shi a Harami bayan la'asar. Sumaya ta je, ta dawo tana ba da labari da Larabcinta mai gudu: masallaci maƙil, sahu har waje, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suna ture juna don su sa kafaɗa a makara har ƙofar maƙabartar Baƙi'a. Kowa yana cewa ya dace, irin wannan mutuwa ake roƙo. Tasallah tana zaune a kan darduma tana saurare, ta ce Allah shi ne masani.

Yarinyar ta kalli zanen da kunnuwan da ba komai. Sannan ta matso ta zauna, ta haɗa kalmomi da ƙyar, da Hausa.

“Jadda, wa ya mutu mana?”

“Kakanki. Sunansa Jumare.”

Sumaya ta maimaita sunan a hankali, tana gwada shi a baki. Ta tambaya ko shi ma mutane da yawa sun yi masa salla.

“Ba wanda ya yi masa salla,” in ji Tasallah. “Amma duk matan garinmu sun bi ta wurinsa. Har zama muka yi muka huta.”

Aka kira magariba daga masallacin unguwa. Ta miƙe za ta yi alwala, ta ɗauki buta, ta nufi ƙofa ba takalmi, tana ɗora ƙafa a kan tayil a hankali, kamar akwai mai barci a ƙasa.